Ranar da Wutar Dagwara Ta Iso Toka

A shekara ta bakwai da ɗaura Alkawarin Murhu, zamanin Sarki Tunau na Garun Tama, wutar Dagwara ta iso ƙofar gari da hantsi, ba wanda ya ga hayaƙi.

Magajiya Hakama, ƙanwar Sarki, mai riƙon ɗakin wuta, ita ta fara lura. Kowace shekara tun jakada na bayan tudu ake hango siririn hayaƙi bisa kansa, mata su rangaɗa guɗa, masu kalangu su ɗauki kiɗa. Bana masu kalangu sun rataya kalangunsu suna jira. Jakada ya ƙaraso shi da 'yan rakiyarsa biyu, kasko a ka, ƙafafunsa sun yi futu-futu, ya sauke kaskon a gabanta, ya durƙusa, bai ɗago kai ba.

Wanda bai san abin da wannan kasko ke ɗauke da shi ba, ba zai gane dalilin da ya sa gari guda ya yi tsit ba. Ƙasashe uku ne maƙwabta, kowacce Allah ya ba ta abin da ya hana 'yar'uwarta. Garun Tama na da dutsen tama, amma ba ta da itacen narka shi. Dagwara na da kurmin kirya, wadda gawayinta kaɗai ke iya narkar da dutse, amma ba ta da ƙarfe ko na allura. Tsakaninsu kogi, kogin kuwa na mutanen Sankaru ne masu jirage, da ba su da tama ba su da kirya. Kaka da kakanni suka yi suna ƙwace wa juna, har aka yi Yaƙin Mashigi, wanda kogi ya kwana tara yana wucewa da gawa. Har yau masunta kan jawo taru su tarar da munduwa a ciki, su mayar da ita ruwa.

Bayan wannan yaƙi sarakunan uku suka zauna, suka ce murhu ba ya tsayawa da dutse biyu. Aka share hanya ɗaya, aka haƙa rijiya a kowane zango. Jakin gawayi da jakin ƙarfe su haye kogi ba a tare su, Sankaru kuma ta sami rabonta na fartanya da ƙugiya. Don kada wani ya manta, duk ƙarshen damina a kashe wutar tukwanen tama, ba za a sake hura su ba sai da wutar da aka ɗauko daga Dagwara, tafiyar kwana uku. Muddin wutar Dagwara na raye a hannun Garun Tama, alkawari na raye. Kuma aka yi musayar jarirai biyu daga gidajen sarauta, 'ya'yan amana, aka rantse cewa ranar da wuta ta mutu, kogi zai karɓe su.

Jaririyar da Garun Tama ta bayar 'yar Hakama ce. Uku ta binne kafin ita, shi ya sa ake kiranta Ayashe, don mutuwa ta ɗauka ba a damu da ita ba. Kwananta arba'in a duniya aka zare ta daga goyo. Aka ɗora wa Hakama wata a madadinta, Gwamma, 'yar ƙanwar Sarkin Dagwara. Nonon da ya kawo don waccan, wannan ta sha.

Hakama ta buɗe kaskon. Toka. Ta tura hannun dama cikinta har wuyan hannu, ko ɗumi babu. Ta laluba ta zaro guntun gawayi, ta matse shi tsakanin yatsu biyu, ya murmushe kamar ƙanzon tuwo da ya sha ruwa. Ta dubi jakada, jakada ya dubi ƙasa. Ta ɗaure sauran guntun a bakin zane, da hannun hagu, wanda kullum yake rine da lalle baƙi ƙirin har mata na yi mata tsiya.

Kafin azahar an buga tambari, fada ta cika.

Kaura Barau, shugaban mayaƙa, ya fara magana. Mutum ne dogo mai tabon mashi a wuya, wanda ya rasa ƙannensa biyu a Mashigi. Ya ce, “Allah ya ba ka nasara, Zaki. Ba yau Dagwara ta fara kashe wutar nan ba, yau dai ta aiko mana da tokar. Shekarar farko jakuna ɗari uku suka shigo da gawayi. Bara nawa muka gani? Ba su kai ɗari ba. Ina sauran? Suna sayar wa mutanen gabas, su bar tukwanenmu da yunwa. Wanda ya aiko maka da toka a kasko ya gaya maka abin da yake so ya mai da garinka. Ni ba na roƙon gawayi a hannun mutumin da zan iya karɓe kurminsa.”

Galadima, tsoho mai rawar murya, ya ce, “Kaura, kai ka ga farkon Mashigi da ƙarshensa. Mun ci, me muka ci? Shekara biyu ba mu narka dutse ba, manoma na noma da itace. Wuta kan mutu a hanya. Ruwa kan zo, iska kan zo. A tambayi jakada.”

Aka tambayi jakada. Ya ce ba a yi ruwa ba, ba a yi iska ba. Ya ce bai yi barci a kanta ba, yana ba ta gawayi kamar yadda aka saba, a kwana na biyu ta cinye guzurinta duka ta kwanta.

Kaura ya yi dariya. “Guzurin kwana uku ya ƙare a kwana biyu. Ko jaki ba zai yarda da wannan ba.”

Nan Hakama ta matso gaban shimfiɗa, ta kwance bakin zanenta. “Allah ya ba ka nasara, ina da magana. Sarkin Maƙera, karɓi wannan. Jefa shi ƙasa.”

Sarkin Maƙera ya karɓa ya jefa. Gawayin ya faɗi ba ƙara, ya tarwatse.

Ta ce, “Gawayin kirya in ya faɗi ƙara yake kamar ƙarfe, kowa a garin nan ya sani. Wannan na cediya ne, irin wanda muke dafa wake da shi. Ci yake kamar kara, shi ya sa bai kai kwana uku ba. Yanzu ku gaya mini, mutumin da 'yar ƙanwarsa ke hannunmu, in yana da kirya ko kwando ɗaya, zai aiko wutar ranta a kan cediya? Wata kuma. Yalwa, uwar Gwamma, matar da ke riƙon 'yata, ta saba ƙunso mini daddawar 'ya'yan kirya kowace shekara. Shekara biyu ke nan ba ta aiko ba. Ku kuna ƙirga jakuna, ni miyata ce ta gaya mini. Ba ɓoye kirya suke ba. Kirya ce ta ƙare.”

Fada ta ɗauki guna-guni. Sarki ya juya ga jakada. “Gaskiya ne? Kurminku ya ƙare?”

Jakada ya kifa goshi a ƙasa. Mutumin Dagwara ba ya faɗin mugun abu a kan kurmi. A cikinsa suke binne iyayensu, gindin kowace kirya da mai ita, kuma sun gaji cewa wanda ya ce kurmi ya mutu ya sake kashe waɗanda ke kwance a ciki. Sarki ya maimaita tambaya har sau uku. Jakada ya ce, muryarsa na karyewa, “Kurmi lafiya lau yake, Allah ya ba ka nasara.”

Kaura ya buɗe hannuwa. “Kun ji daga bakinsa. Magajiya uwa ce, ba na ganin laifinta. Amma ba a mulkin ƙasa da tukunyar miya.”

Hakama ta ce, “Da tukunyar miya aka raine ka, Kaura, har ka yi wannan tsawo. Sarkin Maƙera, tukwane nawa muke hurawa da aka ɗaura alkawari?”

“Goma sha biyu.”

“Yanzu fa?”

Sarkin Maƙera ya saci kallon Kaura. “Arba'in.”

“Fartanya ce ta ƙaru a ƙasar nan, ko kibiya?”

Kowa ya san wanda ya sa aka ƙara tukwane, kowa kuma ya san rumbunan da aka cika da kawunan kibau.

Sarki Tunau ya daɗe yana kallon toka. Ba mugu ba ne, mutum ne mai tsoron a ce ya ji tsoro. Ya ce, “Na rantse a gaban sarakuna biyu, ban rantse a kan irin gawayi ba. Wuta ta mutu. Jibi runduna ta tashi. A kai 'yar amana mashigi.”

Hakama ta san abin da ke bayan wannan magana. Duk abin da aka yi wa Gwamma a wannan gaɓa, daga waccan gaɓa ana gani, kuma shi za a yi wa Ayashe kafin ruwa ya rufe. Ta ce, “Ni na goye ta, ni zan kai ta. Kada namiji ya taɓa mini ita a hanya.” Sarki ya ɗaga hannu, ya yarda.

Ta tarar da Gwamma a tsakar gida tana tsefe wa 'yar tsanarta kai. Yarinyar ta ce, “Inna, ban ji guɗa ba. Ba a kawo wutar garinmu ba ne?”

“An kawo. Jibi za mu yi tafiya, ni da ke. Jeki ki ɗauko mini gawayin nan na cikin tulu, ƙwaya biyu.”

Ta shiga ƙuryar ɗaki, ta janye buhun gero, ta ɗaga wani faifai. A ƙarƙashinsa akwai 'yar tukunya baƙa mai huji uku a murfi. Ta buɗe, ta share toka da tsinke. Garwashi ya buɗe ido ja.

Doka ce ta gaban kowace doka a ɗakin wuta: ranar kashe wuta Magajiya ta zuba ruwa a gaban Galadima har sai ba sauran ja, domin in akwai tsohuwar wuta a gari, wa zai damu da ta Dagwara? Magajiyar da ta rage ko ƙwaya ɗaya, kogi ne makomarta. Hakama ta san wannan sarai. Amma tun ranar da aka zare mata jaririya, ta kasa yarda ran 'yarta ya rataya a kan kasko mai tafiyar kwana uku bisa kan mutum mai iya tuntuɓe. Kowace shekara, tana zuba ruwa da dama, hagu na ɗaukar garwashi ɗaya tsirara, ta dunƙule, ta sa cikin mayafi, ta tsaya ana addu'a ba ta motsa fuska ba. Lallen da mata ke yi mata tsiya a kansa, abin da yake rufewa ke nan.

Ta so ta fito da ita a fada. Abin da ya hana ta, ta ga ƙafar Kaura kusa da kaskon. Taki ɗaya zai yi, wuta ta mutu, ita ta tafi kogi, yaƙi kuma ya tashi. Wannan wuta sai a gaban sarakuna uku, inda ba mai iya cewa bai gani ba.

Gwamma ta miƙo gawayi. “Inna, ita ma za mu tafi da ita?”

“Za mu tafi da ita. In an tambaye ki, kununki ne a ciki.”

Runduna ta bi hanyar alkawari, hanyar da aka share don jakuna. Zango na farko suka tarar da fatake uku suna kwance kaya, sun ji labari, ba su san inda za su dosa ba. Zango na biyu ba kowa, guga na rataye a bakin rijiya yana lilo. Mayaƙan da suka taɓa zuwa Mashigi sun daina hira tun daga nan. Wani tsohon ɗan baka ya ce wa Hakama yana jin warin kogin tun yanzu, ba warin ruwa ba, wancan warin. Ita dai tana tafe Gwamma a gefe, tukunya naɗe da tsumma a kwankwaso, tana jin ɗuminta yana ratsa zane. Gawayin kirya tara ta taho da shi. Ta raba shi kamar yadda ake raba gero a shekarar fari.

A rana ta uku suka iso mashigi. Ba jirgi ko ɗaya a gaɓa. Sarkin Jirgi na Sankaru ya tara su duka a tsakiyar kogi, shi yana tsaye a babban cikinsu. Ya ɗaga murya: “Tunau ɗan'uwana! Na haye da gawayinka, na haye da ƙarfenka, ban taɓa tare jakinka ba. Amma jirgina ba ya ɗaukar kibiya. Ubana ya ɗauka sau ɗaya, har ya mutu bai sake cin kifin kogin nan ba.”

Kaura ya ce wa Sarki, “A fara ba kogi haƙƙinsa, Zaki, sannan mu haye.”

Hakama ta ji Gwamma ta ƙanƙame mata zane. Ta ce, “Allah ya ba ka nasara, a gaban sarakuna uku aka karɓi amanar nan. Ina na ukun? Ko bashin goro ba a warware shi a bayan idon mai shi, balle rai.”

Galadima ya ce, “Magajiya ta yi gaskiya.” Sarki ya ce a jira har a ga Sarkin Dagwara ido da ido.

Washegari da fitowar rana Kaura ya sa aka haye da goruna, kowane mayaƙi ya rungumi gora, baka ɗaure a ka. Mutanen Dagwara na ɓoye cikin ciyawar gaɓa. Suka bari sai da na gaba suka kai tsakiya, sannan suka saki kibau. Goran da kibiya ta huda sai ya yi wani irin kuka yana shan ruwa, ya nutse da mai shi. Hakama ta toshe wa Gwamma kunnuwa, ta juyar da fuskarta cikin cikinta, amma ita ta kalla, don ta ce dole wani ya kalla. Ta ga tsohon ɗan bakan nan ya saki goransa tun kibiya ba ta same shi ba. Mutanen Sankaru suka yi ta tsamo waɗanda za su tsamu, ba su tambayi na wace ƙasa ne ba.

Kibau ba su daɗe ba. Dagwara ba ta da ƙarfe, rabin kibanta ma na ƙashi ne. Kafin rana ta take Kaura ya kama gaɓa, sauran abokan gaba suka janye bisa tudun da ke kare kurmi. Sai a lokacin Sarkin Jirgi ya matso da jirginsa, ya ce wa Sarki Tunau, “Tunda an riga an zubar da jini, zo in kai ka ka ga abin da ka saya. Ni ma zan hau tare da kai.”

Aka haye da Sarki da fadawansa, har da Hakama da Gwamma. Suka hau tudun, Kaura a gaba yana kirari. Da ya kai ƙoli sai kirarin ya yanke.

Ba kurmi. Kututture ne, iyakar ganin ido, baƙaƙe, jere kamar mutane sun durƙusa. Tsakaninsu ramukan toya gawayi sun yi baki sun huce. A gindin kowane kututture akwai ɗan tulun da aka kife bisa kabari, rana na dukansa, tulunan da aka ajiye a inuwa shekara ɗari. Ba tsuntsu. Iska na wucewa ba abin da za ta kaɗa. Runduna ta taru a bayan Kaura.

Can ƙasa Sarki Nomau na Dagwara na zaune bisa wani babban kututture, 'yan mutanensa kewaye da shi. Gefensa ƙanwarsa Yalwa riƙe da yarinya siririya mai wushirya. Hakama ba ta buƙaci a gaya mata ba. Tsayuwar ce, ƙafa ɗaya bisa ɗaya, irin ta mahaifiyarta ita Hakama.

Sarki Tunau ya sauka ya tsaya gaban takwaransa. “Nomau, me ya hana ka faɗa?”

Sarki Nomau ya shafa kututturen da yake zaune a kai. “Wannan na ubana ne. Bara na sa aka sare shi, don jakunanka kada su koma wofi. Kurmi lafiya lau yake, Tunau. Ga shi, ka ci shi da yaƙi. Ɗauki.”

Sarakunan biyu suka tsaya suna duban juna, kowanne na so ya janye, ba mai hanyar janyewa. Kaura, wanda ya bar mutum sittin a ruwa don ya ci gonar kututture, ya juyo idanunsa jawur. Ya ce, “Rantsuwa dai rantsuwa ce. Wuta ta mutu, jini ya zuba. In ba a ba kogi yaran nan ba, waɗanda ya ci yau a kan me suka mutu?” Wani dattijon Dagwara ya ce shi ma haka ya gani, wanda ya karya rantsuwa gaban kaburbura ba zai ga da kyau ba. Hauni, mai zartar da hukuncin kisa, ya fito daga kowane ɓangare. Yalwa ta fasa kuka.

Hakama ta shiga tsakiya. Ta durƙusa, ta warware tsumma, ta ajiye tukunya a ƙasa daidai tsakanin sarakuna uku, ta yi mata katanga da jikinta ta ɓangaren Kaura.

“Sarkin Jirgi, kai ne shaida. Faɗi kalmar alkawari yadda aka ɗaura ta.”

Ya ce, “Muddin wutar Dagwara na raye a hannun Garun Tama, alkawari na raye.”

Ta buɗe murfi, ta share toka, ta ɗora gawayinta na ƙarshe, ta hura. Shuɗin harshe ya tashi ɗan ƙarami, ƙamshin kirya ya bazu. Tsofaffin Dagwara suka shaƙa, wasu suka rufe fuska.

“Wutar bara ce. Ban kashe ta ba. Ban taɓa kashewa ba, ko shekara ɗaya.”

Kaura ya daka tsawa. “Ƙarya! Ƙyastu ta ƙyasta a hanya!”

Ta tofa yawu a tafin hagu, ta goge da bakin zane, ta ɗaga shi sama. Ƙarƙashin lalle fatar ta tattare, tabo bisa tabo, yatsu biyu ba sa miƙewa. “Ƙyastu ne ya yi wannan? Kuma ka taɓa jin wanda ya yi ƙarya don a jefa shi kogi?”

Galadima ya share murya. “Allah ya ba ka nasara, ni nake tsayawa a kanta ranar kashe wuta. Shekara ta biyu na ji ƙaurin nama. Na dubi sama, na ci gaba da addu'a. In akwai hukunci, ina da rabo.”

Sarkin Jirgi ya ce, “Wuta na raye, idona ya gani. Kogina ba ya karɓar yaran nan.” Sarki Nomau ya ce shi ma ya gani. Haunin Dagwara ya koma baya.

Saura doka ɗaya, kowa ya san ta. Sarki Tunau ya dubi ƙanwarsa. Ta ce a hankali, “Yi abin da za ka yi, Yaya. Na riga na auna tun shekara bakwai.”

Sarki ya waiwaya ya dubi kogi. Sannan ya ce, “Kogi ya ci sittin yau, ya ƙoshi. Amma doka ba ta faɗuwa ƙasa banza. Hakama, na tuɓe ki. Ba za ki sake taka Garun Tama ba sai ranar da kiryar wannan fili ta yi inuwar da mutum zai zauna.” Ya juya. “Sarkin Maƙera, tukwane su koma shida. Kawunan kibau da ke rumbu a narke su a yi fartanya, a raba ƙasa uku. Kaura, mutanenka da suka rage za su zauna nan su yi shinge, kada akuya ta taɓa toho. Kai ka so kurmi, ga shi, yi gadinsa.”

Tsofaffin da ke wurin suka sunkuyar da kai. Kirya ba ta sauri. Wanda ya ga tohonta ba kasafai yake ganin inuwarta ba.

Hakama ba ta saurari sauran ba. Gwamma na manne da bayanta, ba ta ko dubi Yalwa da ke miƙo mata hannu ba. Ita kuwa Hakama ta zuba ido ga yarinya mai wushirya. Ta shirya maganganu shekara bakwai, ba ko ɗaya da ta zo bakinta.

Ayashe ta dubi baƙuwar matar mai ƙonannen hannu, ta ja zanen Yalwa. “Inna, wace ce wannan?”

Yalwa ta buɗe baki, Hakama ta girgiza mata kai. Ta dubi tukunya. Gawayin ya fara yin fari a gefe, kuma babu wani bayansa.

Ta ce, “Yarinya, kin san inda za a sami saiwar kirya busasshiya a filin nan?”

Ayashe ta gyaɗa kai.

“To maza ki samo mini. Ke Gwamma, bi ta ki taya ta. Ku yi sauri, kada ta mutu.”

Yaran biyu suka ruga tsakanin kututture da tulunan matattu. Hakama ta sunkuya, ta kare wutar da hannun hagu, ta ci gaba da hurawa.